Tafiya Amazon a ƙaramin jirgin ruwa: a fara tambayar ruwa kafin a tambayi kuɗi

Mu mutanen Maradi mun san gulbi da hali guda: ya kawo ruwa da damina, ya ƙafe da rani a koma noman lambu a bakinsa. Wannan sanin zai yi wa mai shirin zuwa Amazon, babban kogi da dajin nan na Kudancin Amurka, amfani fiye da yadda yake zato. Kogunan can ba sa ƙafewa, amma kowace shekara suna hawa suna sauka, kuma ba kaɗan ba. A tashar jiragen ruwa ta Manaus da ke Burazil ana auna ruwan Rio Negro tun 1902, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa a shekara guda akan samu kusan mita 10. A watan Yunin 2021 ma'aunin ya haura mita 30. A Oktoban 2023 ya faɗo zuwa mita 12.70, shekarar da ta biyo baya kuma ya ƙara yin ƙasa. Inda kwalekwale ya ratsa tsakanin rassa a watan Mayu, nan mutum zai taka da ƙafa a Oktoba yana ɗaga kai yana kallon zanen da ruwa ya bari a jikin itatuwa. Don haka kafin a tambayi wane jirgi ya fi kyau, a fara yanke shawarar wane kogi da wane wata.

Jirgin da muke magana a kai ƙarami ne, yana ɗaukar baƙi kamar 16 zuwa 40, kuma gindinsa ba ya nitsewa sosai, don ya iya shiga inda ruwa ba zurfi. Akwai ɗakunan kwana a ciki, da wurin cin abinci, da rumfa a sama. Amma masauki ne kawai mai tafiya. Yakan ci hanyarsa da dare ko da tsakar rana, a ɗaure shi a bakin wani rafi, sannan a shiga ƙananan kwalekwalen alminiyom masu inji waɗanda yake tafe da su. Kowanne yana ɗaukar mutum 8 zuwa 12, direba a baya, jagora a gaba da adda kusa da hannunsa. Kusan duk abin da ya kai ka can, daga cikin wannan kwalekwale za ka gan shi. Shi ya sa kyan labule da faɗin gado ba su ne abin ciniki ba. Ka tambayi kamfanin kwalekwale nawa jirgin ke da su, mutum nawa ke bin jagora ɗaya, kuma sau nawa ake fita a yini. Idan aka cusa mutum 20 a kwalekwale guda, na baya ƙeyar na gaba kawai zai kalla, kafin magana ta iso gare shi tsuntsun ya tashi.

Kada a haɗa wannan da manyan jiragen fasinja da ke tashi daga Manaus zuwa Belém, inda kowa ke rataya ragar kwanciyarsa a yi kwanaki kamar huɗu ana gangarawa. Su motar kasuwa ce ta mutanen kogi. Suna da arha, za ka ga rayuwar jama'a, amma ba sa tsayawa don wani ya kalli biri.

Ƙofofin shiga biyu ne suka fi shahara. Ta Peru, ana sauka Iquitos, babban birnin da babu titin da ya haɗa shi da sauran ƙasar, sai ta sama ko ta ruwa. Titi ɗaya ne mai tsawo ya fita daga cikinsa, kusan kilomita 100 zuwa garin Nauta, kusa da inda kogin Marañón da na Ucayali suka haɗu aka fara kiran ruwan Amazon. Jirage da yawa daga nan suke tashi su nufi gandun Pacaya-Samiria, wanda faɗinsa ya haura kadada miliyan 2, kuma mafi yawansa daji ne da ruwa ke mamayewa. Ta Burazil kuwa ana sauka Manaus, a hau Rio Negro zuwa tsibiran Anavilhanas, su kusan 400, wasu jiragen su zarce har gandun Jaú.

Bambancin waɗannan wurare biyu yana cikin launin ruwa, kuma nan ne mutane da yawa ke yin zaɓi ba tare da sun san abin da suka zaɓa ba. Kogunan da suka gangaro daga duwatsun Andes suna ɗauke da laka, ruwansu ja-ja ne mai kauri. Lakar nan taki ce: duk inda ta kwanta ciyawa ta fito, kifi ya yi yawa, tsuntsaye da kadoji su biyo. Sauro ma ya biyo. Rio Negro kuwa daga tsohuwar ƙasa mai yashi ya fito, ganyayen da suka ruɓe ne suka rina shi ya zama kamar shayin da ba a zuba wa madara ba. Ruwan yana da tsami, ƙwan sauro ba ya jin daɗinsa, don haka dare a kansa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma dabbobin ba su kai na ruwan laka yawa ba. A ƙasan Manaus kaɗan waɗannan ruwaye biyu suke haɗuwa, su yi tafiyar kusan kilomita 6 kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, saboda baƙin ya fi ɗumi kuma ya fi tafiya a hankali. Idan ka tsoma hannu ta ɓangaren nan sannan ta wancan, za ka ji bambancin zafin. A ganinmu, wanda yawan dabbobi ya kai shi, ya nufi Pacaya-Samiria. Wanda zai tafi da dattijo ko da yara, ko jikinsa ba ya ɗaukar cizon sauro, Rio Negro ya fi masa.

Tun da ana maganar taki, ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ƙasar dajin Amazon ba ta da ƙarfi yadda tsayin itatuwanta ke nunawa, domin ruwan sama yana wanke sinadaranta kullum. Wani kaso na abin da ke maye gurbin wanda aka wanke daga yankinmu yake tashi: ƙurar hamada, musamman ta kwarin Bodélé da ke arewacin Cadi, iska na ɗauke ta ta tsallaka tekun Atlantika. Binciken da masanan hukumar NASA suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara ke sauka a yankin Amazon a shekara, cikinta akwai sinadarin fosfaras kusan tan 22,000. Dangin hazon da ke rufe mana gari da hunturu ke nan.

Sai maganar wata. A ɓangaren Peru ruwa yana sama daga Disamba zuwa Mayu, yana ƙasa daga Yuni zuwa Nuwamba. A Manaus cikar tana makara kaɗan, takan kai ƙololuwa wajen Yuni, ta kai ƙarshen janyewa wajen Oktoba ko Nuwamba. Ruwan sama kuwa ba ya ɗaukewa gaba ɗaya a kowane lokaci. Iquitos na samun abin da ya haura milimita 2,500 a shekara, mu nan da wuya mu wuce 600.

Lokacin cika, kwalekwale yana shiga cikin dajin kansa. Ruwa ya ɗaga ka mitoci da yawa sama, ka matso kusa da rassan da birai da tsuntsaye ke ciki, itatuwa da dama na zubar da ƴaƴa cikin ruwa, kifin tambaki yana bi yana ci. Amma wurin taka ƙasa ya yi kaɗan, kuma sauro ya fi yawa. Lokacin janyewa, bakin kogi ya buɗe ya zama rairayi, mutanen ƙauye su shuka shinkafa da wake da kankana a kan sabuwar laka, kififiya ta fito ta binne ƙwai, kifi ya taru a ƴan tafkunan da suka rage, zalɓe da balbela da kadoji su taru a kansa. Ana samun tafiyar ƙasa sosai, sai dai zafi ya fi, kuma ƙananan rafuka da yawa sun rufe. Haɗarin ƙarshen janyewa shi ne fari. A 2023 jirage sun maƙale a yashi, ƙauyuka sun yanke daga gari, kuma a tafkin Tefé ruwa ya yi zafin da ya haura digiri 39, dolfin, wata dabbar ruwa mai siffar kifi, fiye da 150 suka mutu. Wanda zai yi rajistar Oktoba ko Nuwamba a Burazil, ya sa a rubuta masa abin da zai faru da kuɗinsa idan jirgi ya kasa bin hanyar da aka sayar masa.

Yini a jirgi yana farawa da wuri. Wurin yana kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara. Fitar farko ana yin ta da wayewar gari, kuma ita ce ta fi kowace albarka. Wanda ya yi sallar asuba ya zauna a shirye ya riga kowa. A dawo a karya kumallo, a sake fita ko a ziyarci ƙauye, tsakar rana a huta domin dabbobin ma sun shige inuwa, wajen la'asar a sake fita, wani lokaci a zarce har dare.

Idon da ya saba da fili sai ya koyi sabon kallo. A nan gida kana hango raƙumi daga nesa mai yawa. A can komai kore ne, komai a ɓoye, kuma kunne ya fi ido aiki. Direba zai kashe inji, kwalekwale ya ci gaba da sulalewa, jagora ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Da farko ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga ganye. Can sai ka ji reshe ya girgiza ba tare da iska ba, ɓawon wani ɗan itace ya faɗo ruwa, sai ka bi inda ya fito da ido ka ga ƙananan birai suna tsallaka reshe ɗaya bayan ɗaya, wata da ɗanta manne a baya. Akwai jan biri mai gurnani wanda ake jin muryarsa daga kilomita biyu ko uku da asuba, baƙo yakan ɗauka wani babban naman daji ne. Akwai dabbar nan mai nawa da ke rataye a reshe, wadda a Burazil ake kira preguiça: ba ta saukowa ƙasa sai kamar sau ɗaya a mako don yin bayan gida, gansakuka ta tsiro a gashinta ta sa ta yi kore-kore, za ka iya kallon itacen da take kai minti biyar ba ka gan ta ba. Jagorori sukan kwaikwayi kukan mikiya, sai ta juyo da kai a hankali. A bakin tafkuna akwai tsuntsun hoatzin mai tukku, wanda ganye yake ci ya ruɓe a maƙoshinsa har ya riƙa wari, ƴaƴansa kuma suna da farata a fukafukai da suke hawa reshe da su.

Dolfin kala biyu ne. Babban mai launin hoda yana kai mita biyu da rabi, ƙasusuwan wuyansa ba a manne suke ba, don haka yana juya kai ya kurɗa tsakanin saiwoyi lokacin cika. Ba ya tsalle sosai, bayansa kawai zai ɓullo ka ji hucin numfashi ya koma. Ƙaramin mai ruwan toka shi ne ke tsalle. A nemi duka biyun a mahaɗar ruwa, inda rafi ya faɗa babban kogi, nan kifi ke taruwa. A tafkuna masu kwanciyar ruwa kuma akan ji wani ƙara kamar an jefa katako: kifin nan ne da ake kira paiche a Peru, pirarucu a Burazil, wanda ke kai mita 3, kuma dole ya ɓullo ya shaƙi iska kowane minti 10 zuwa 20. A irin tafkunan ne ake ganin badon Amazon, mai ganyen da faɗinsa kan kusanci mita 3, da ƙaya a ƙarƙashinsa. Karen ruwa babba, mai tsawon kusan mutum, yana yawo ne da danginsa, amma ganinsa sai an dace. Ayu ma akwai shi, sai dai yana da kunya ƙwarai, mafi yawan baƙi a cibiyar ceton ayu da ke kan hanyar Iquitos zuwa Nauta suke ganinsa.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu: damisar can, wato jaguwa, tana cikin dajin, amma samun ganinta daga jirgin Amazon abu ne mai wuyar gaske. Duk kamfanin da ya yi maka alkawarinta, ka yi shakkar sauran maganarsa. Mai son jaguwa ya nufi fadamar Pantanal wajen Porto Jofre a Burazil, tsakanin Yuli da Oktoba. Giwa, zaki da dorina kuwa babu su a dajin Amazon baki ɗaya. Abin da za ka tarar ka gane shi tun daga nesa shi ne rimi. Irin namu ne sak, suna kiransa sumaúma a Burazil, lupuna a Peru, ya zarce sauran itatuwa tsawo, saiwoyinsa sun tashi kamar bangaye.

Fitar dare ba a barinta. Jagora yana haska cocila a bakin ruwa, idon kada ya mayar da haske ja, na gizo-gizo ya yi ƙyalli fari-fari. Ka bar masa haskawa shi kaɗai, domin cocila goma a lokaci guda korar komai suke yi, kuma ƙwari suna bin hasken zuwa fuskar mai riƙe da ita.

A cikin kwalekwale dokoki kaɗan ne amma ba a wasa da su. Rigar hana nitsewa a ɗaure take tun daga shiga har fita. Da yawa daga cikinmu ba mu iya iyo ba, wannan ba abin kunya ba ne, a faɗa wa jagora tun ranar farko. Ba a miƙewa tsaye gaba ɗaya a ruga gefe guda don an ga wani abu. Ba a kama reshe don a gyara zama: akwai itatuwan da tururuwa masu zafin cizo ke zaune a cikin ɓargonsu, akwai gidajen rina a bayan ganye, akwai dabinon daji mai ƙaya jere a jikinsa. Idan inji ya mutu farat ɗaya, galibi ciyawar ruwa ce ta naɗe farfela, direba zai ɗaga ya cire. A tafiyar ƙasa ana ba da dogayen takalman roba, ka aika musu lambar ƙafarka tun kana gida, ka zazzage su kafin ka sa. Wanka a kogi sai inda jagora ya nuna. Kifin firana da ake ta ba da tsoro da shi ba shi ne babbar matsala ba. Kunamar ruwa ce, wato wani kifi mai faɗi mai harbi da wutsiya, wadda ke kwance cikin yashi inda ba zurfi. Ana jan ƙafa ne a ƙasa ba a ɗagawa, don ta ji motsi ta gudu kafin a taka ta.

Abin da ya fi wahalar da mutumin Sahel shi ne laima. Zafin can bai cika wuce digiri 32 ko 33 ba, mu da muka saba da 43 za mu ce ai wasa ne. Amma iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. A sha ruwa kamar lita 3 a yini, na jirgi wanda aka tace, a riƙe ƴan ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Shadda mai sitaci da babbar riga a ajiye su don ranar dawowa, idan suka jiƙe ba za su bushe ba har a gama tafiyar, sai wari da fumfuna. A nemi riguna marasa nauyi masu dogon hannu, da wando sakakke, masu launin ƙasa ko toka mai haske, domin baƙi yana jan sauro, kuma sauro yana huda matsattsen tufafi. Hajiya ta zaɓi hijabi mara kauri wanda bai cika tsawo ba, kada gefensa ya shiga ruwa ko ya maƙale wajen shiga kwalekwale. Kyamara da tabarau mai kawo nesa kusa suna yin raɓa da zarar an fito da su daga ɗaki mai sanyin na'ura, saboda gilashi ya yi sanyi iska kuma a jiƙe take. Maganin shi ne a sa su cikin leda mai zif, a ajiye a waje minti 20 ko 30 kafin a buɗe, a zuba musu ƴan ƙunshin nan masu shan laima irin na cikin kwalin sabon takalmi. Tabarau mai lamba 8x42 ya fi dacewa, yana tara haske a cikin duhun daji kuma ba ya rawa da yawa a kan ruwa. Kowa ya zo da nasa. Wayar hannu ba ta ɗaukar tsuntsun da ke saman rimi.

Ta fannin lafiya, a ga likita makonni 4 zuwa 6 kafin tashi. Rigakafin shawara yana fara aiki a takarda ne kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka katin nan mai ruwan ɗorawa da aka yi don aikin Hajji ko wata tafiya yana nan da amfaninsa. Kuskuren da ya fi kusa da mu shi ne cewa ai mun saba da sauro. Zazzaɓin cizon sauron da ya fi yawa a Amazon ba irin namu ba ne. Nau'in vivax ne, wanda ke iya laɓewa a hanta ya dawo bayan makonni ko watanni. Maganin da muka saba sha yana share na cikin jini, ba ya taɓa na hanta. Wanda ke kashe na hanta, irin su primaquine, ba a shan sa sai an yi gwajin jini na G6PD, domin masu ƙarancin wannan sinadari suna da yawa a yankinmu, kuma maganin yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan dawowa, ko da an yi wata uku, ya gaya wa likita inda ya je. Maganin kariya likita ne zai zaɓa: atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga a ci gaba kwana 7 bayan fita, doxycycline kuma sai an ci gaba makonni 4. Man korar sauro ya kasance mai DEET kashi 20 zuwa 30, a shafa da rana ma saboda sauron dengi da rana yake cizo, a kuma wanke tafin hannu bayan shafawa don yana narkar da roba da jikin kyamara. Jirgi yakan yi nisan awoyi masu yawa daga asibiti. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganinsa da rara a jakar hannu, kuma inshorar tafiya ta ƙunshi ɗauko mara lafiya daga daji, ba kuɗin gado kawai ba.

Abinci zai yi wa Musulmi sauƙi idan ya yi magana da wuri, domin jirgi yana sayen kayan cefanensa ne kafin ya tashi. Kifi yana da yawa, ga shinkafa, ayaba da rogo. Rogo ma asalinsa daga can ne, kuma a ƙauyuka za ka ga ana matse shi a cikin wata doguwar saƙa ana soya garinsa a faffaɗan kasko. Inda ake tuntuɓe shi ne abincin da ba a ganin alade a fuskarsa. Tacacho na Iquitos ayaba ce da aka kirɓa da kitsen alade, ana haɗa ta da cecina, wadda ita ma naman alade ce. Waken feijoada na Burazil da alade ake dafa shi. Abin shan da ake tarbar baƙi da shi, pisco sour a Peru ko caipirinha a Burazil, giya ce. A rubuta wa kamfani tun wajen rajista: kifi da ganye, ba alade ba kitsensa, ba giya ko a cikin miya. Alƙibla daga Manaus da Iquitos duka tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, amma kogi yana lanƙwasa jirgi yana juyawa, sai a duba kamfas daf da tayar da salla, a kuma sauke jadawalin lokutan salla a waya tun a gari don babu tabbacin intanet. A sa ƴar buta a kaya. Ba a jefa takarda a masan jirgi, bututunsa siriri ne yana toshewa.

Hanyar da nisa. Daga Maradi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, yini guda a mota. Daga nan akan bi ta Kasabalanka, Istanbul ko Adis Ababa zuwa São Paulo, sannan awa 4 a sama zuwa Manaus. Mai zuwa Peru zai wuce Lima, daga can ƙasa da awa 2 zuwa Iquitos. Hanyar da ta bi ta Amurka tana buƙatar bizar wucewa ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba, a kauce mata. A samu biza kafin a biya cikon kuɗin jirgin ruwa, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Agogon Manaus yana bayan namu da awa 5, na Peru da awa 6. A isa garin tashi da kwana ɗaya cikakke a hannu, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar, kuma jaka takan biyo baya. Sefa ba ta canzuwa a can, a riƙe yuro ko dalar Amurka, sababbin takardu, don a Peru ana ƙin karɓar wadda ta yage ko kaɗan. Wutar Manaus 127 ce, ta Peru 220 irin tamu, a duba abin da aka rubuta a jikin caja. Tafiyar kan zo a dare 3, 4 ko 7, kuma jiragen alfarma suna cin dubban dalolin Amurka kan mutum ɗaya. Dare 3 ya yi kaɗan ga wanda ya taso daga nan, rabinsa a hanya zai ƙare kafin a shiga can cikin gandu. A tambaya ko kuɗin ya haɗa da shiga gandu, mota daga filin jirgi, da ƙarin da ake ɗora wa mai kwana shi kaɗai a ɗaki. Jagorori da Sifaniyanci ko Fotugis da Ingilishi suke aiki, mai buƙatar Faransanci sai ya nema tun kafin ya biya.

A ƙauyukan bakin kogi a yi abin da za mu so baƙo ya yi mana: a gaisa, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a sayi kayan saƙa da na sassaƙa daga hannun masu yin su. Kusa da Manaus da Iquitos akwai masu riƙe da preguiça ko maciji ko ɗan kada suna miƙa wa baƙi a yi hoto a biya. Daga daji aka kamo su, kuma da yawa ba sa daɗewa a raye a hannun mutane. Kada a biya. Fatu, haƙora, gashin aku da ƙoƙon kififiya kuma haramtattun kaya ne a dokar ƙasashen, jami'an kwastan suna ƙwacewa, abin yana iya kai mutum gaban alƙali.

Wanda nisan Amazon ko wahalar biza ta yi masa yawa, musamman masu harka ko ɗalibai a Maleshiya, akwai kogin Kinabatangan a jihar Sabah da ke tsibirin Borneo, mai tsawon kusan kilomita 560. Daga Sandakan awa biyu da ɗoriya ne a mota zuwa ƙauyukan Sukau da Bilit. A can galibi a masaukin bakin kogi ake kwana, a riƙa fita da kwalekwale safe da yamma, kuma da yake dajin da ya rage siriri ne a gefen ruwa, dabbobin sun fi sauƙin gani: birin orangutan, biri mai dogon hanci da ke taruwa a itatuwan bakin kogi da magariba, da ƙananan giwayen Borneo idan an dace. Mutanen ƙauyukan mafi yawansu Musulmi ne, abincin halal da masallaci ba sa wuyar samu.